Gaban Tsuntsu Ake Harbi

A kwarin Binuwai na arewacin Kamaru, daga Pitowa har gaɓar tafkin Lagdo, masu neman zabon daji da bindiga iri biyu ne. Akwai wanda ke bari sai rana ta yi gora, zabbi sun hau bishiya sun jeru a reshe, ya lallaɓo ya saki wuta. Wannan nama yake nema, kuma yakan samu. Harsashi da tsada, shi ya sa ba ya son asarar ko ɗaya. Akwai kuma wanda ke shiga karan dawa da sassafe bayan girbi, ya bar tsuntsu ya ji motsinsa, ya ruga cikin ciyawa, ya tashi fir da ƙarar fiffiken nan mai tsinka zuciya, sannan ya ɗaga bindiga. Kafin ƙiftawar ido zabo ya naɗe a sama ya faɗo. Na biyun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin abin da yake yi cikin sakan ɗaya ilimi ne mai zaman kansa, har duniya ta mai da shi wasa ana ba da lambar zinariya a kansa.

Wahalar abin guda ce: inda ka ga tsuntsu, ba nan yake ba lokacin da darma za ta iso. Ƙwayoyin darma suna barin bakin bindiga da gudun wajen mita 400 a sakan, amma da yake ƙanana ne, iska tana cin ƙarfinsu nan da nan. Kafin su kai mita 30 sun ci kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Hasbiyar da ta gitta gabanka da gudun kilomita 60 a awa ta riga ta matsa fiye da mita ɗaya da rabi a wannan ɗan tsakanin. Wanda ya auna ta daidai ƙirji, iskar da ta bari a baya ya harba. Dole bakin bindiga ya wuce ta, a saki wuta a sararin da babu komai, ita kuma ta zo da kanta ta shiga. Duk wanda ya taɓa zama a filin Rumde Ajiya na Garwa ya ga ɗan tsakiyar Coton Sport yana tura wa ɗan gaba ƙwallo ya san wannan lissafi: ba a ƙafarsa ake aje ta ba, inda zai kai ake tura ta. Sai dai maharbi ba shi da sararin tunani. In ya tsaya lissafi, tsuntsu ya haye kogi.

Turawa sun daɗe da gane cewa ba a iya wannan sai da maimaici, daji kuwa ba ya ba mutum maimaici yadda yake so. Shi ya sa tun ƙarshen ƙarni na 18 'yan Ingila suka riƙa kulle tantabaru a akwatuna, a ja igiya murfi ya buɗe, tsuntsu ya tashi a harbe shi. Ɓarnar ta yi yawa. A gasar da aka yi a Paris a 1900, lokacin wasannin Olamfik, tantabaru kusan 300 aka kashe. Ingila ta haramta wannan wasa a 1921, amma tun kafin nan Amurkawa sun fara neman madadi. Suka fara da ƙwallayen gilashi, wasu har da gashin tsuntsu a ciki don in sun fashe ya watsu, sannan a 1880 wani mutumin Sinsinati mai suna George Ligowsky ya fito da faifan yumɓu da ake cillawa ya tafi yana shawagi. Musulmi ba zai ji wannan sauyi baƙo ba, domin ingantaccen hadisi ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin saiti, ƙarnuka da dama kafin majalisar Landan ta zo ga wannan ra'ayi.

Faifan yau ma ba yumɓu ba ne. Garin dutsen farar ƙasa ake kwaɓawa da kwalta ko ƙaro a matse, ya fito da faɗin milimita 110 da nauyin giram 105, a shafa masa fenti ruwan lemo don ido ya kama shi. An yi shi yadda zai jure marin inji, amma ƙwayar darma biyu ko uku ta tarwatsa shi. Masu Faransanci suna kiran wasan bal-tarap, kuma yana da rassa da yawa, amma uban gidansu shi ne na rami, wanda ake yi a Olamfik. Ana haƙa dogon rami a rufe samansa daidai da ƙasa, a jera injuna 15 a ciki, uku-uku a gaban kowane ɗaya daga matsayai biyar. Mai harbi yana tsayawa mita 15 bayan ramin. Kowane inji an saita shi dabam: wani ya jefa hagu, wani dama har kusurwar digiri 45, wani ya miƙe, wani ya bi ƙasa-ƙasa, wani ya cilla sama. Faifai yana fita da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, in ba a taɓa shi ba sai mita 76 yake sauka. Mai harbi ya san cewa a kowane matsayi zai sami biyu na hagu, biyu na dama da ɗaya miƙaƙƙe kafin zagaye ya ƙare, amma bai san wanne ke tafe yanzu ba.

Ka tsaya bayan gwani ka kalle shi, sai ka ga kamar ba ya yin komai. Yakan zo matsayinsa bindiga a karye a hannu. Ya gyara ƙafafu, ta hagu gaba kaɗan in da dama yake harbi, nauyin jiki ya ɗan rinjaya gaba. Ya zura harsashi biyu, ya jira na hagunsa ya gama. Sannan ya rufe bindiga, ya kawo gindinta cikin lungun kafaɗa, kunci ya kwanta a kan katako, bakinta ya sauka kan alamar da ke leɓen rami. Idonsa kuwa yana can gaba kaɗan, a sake, wurin da faifai zai ɓullo. Ya yi wata gajeriyar ƙara daga maƙogwaro, makirufo ya ɗauka, inji ya saki. Daga fitowar faifai zuwa fashewarsa ba a cika sakan ɗaya ba. In darma ta same shi a tsakiya ko ɓaraguzai ba a gani, wani baƙin hayaƙi ne ke tsayawa a sama na ɗan lokaci. Ya karya bindiga, ya cire kwanso, ya matsa dama. Haka zai yi sau 25, kuma motsinsa na 25 bai bambanta da na farko ba ko da ƙiris.

Alƙali dai ba ruwansa da hayaƙi. Ko ɗan ɓalli ɗaya ya gani ya rabu da faifai, an ci. A nan karin maganar da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure ta zama doka a rubuce. Amma manyan 'yan wasa ba sa dogara da wutsiya. Cikin faifai 125 na share fage, wanda ya zubar da huɗu ko biyar sau da yawa ya yi sallama da wasan ƙarshe, inda kuma harsashi ɗaya tak ake bari a zura. A Olamfik na 2024, a filin Châteauroux na Faransa, Nathan Hales na Birtaniya ya fasa 48 cikin 50 a wasan ƙarshe. Washegari Adriana Ruano ta fasa 45 ta kawo wa Gwatamala zinariyarta ta farko a tarihi. Yarinyar nan 'yar wasan motsa jiki ce a da, ta ji ciwo a ƙashin baya a 2011, likita ya ba ta shawarar ta koma harbi. Kuma kada a ɗauka wasan Turawa ne kawai. Ahmed Al Maktoum na gidan sarautar Dubai ya ci zinariya a Atan a 2004 a reshen faifai bibbiyu, Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci irinta a Riyo a 2016 yana da shekara 49, a ƙarƙashin tutar Olamfik saboda an dakatar da ƙasarsa. A nahiyarmu Alƙahira da Rabat sun karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta wannan wasa.

To me suka iya wanda sauran mutane ba su iya ba? Na farko sun iya ƙin kallon bindiga. Soja ko mai gadin daji da ya saba da bindigar harsashi ɗaya an koya masa ya rufe ido ɗaya, ya daidaita saitin baya da na gaba, ya riƙe numfashi, ya matsa kunama a hankali. Duk wannan guba ne a harbin abin da ke tashi. Bindigar tsuntsu ba ta da saitin baya. Idon mai harbi shi ne saitin baya, ɗan ƙwallon ƙarfen da ke bakinta kuwa da gefen ido ake ganinsa. Da zarar ido ya bar faifai ya dawo duba ƙwallon nan, hannu ya tsaya, faifai ya wuce. Ido biyu ake buɗewa, domin da biyu ake gane nisa da gudu. Sai dai kowane mutum yana da idon da ya rinjayi ɗan'uwansa, kuma ba dole ne ya zama na ɓangaren hannun da yake aiki da shi ba. Gwajin ba wuya: nuna wani abu mai nisa da yatsa ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya-ɗaya. Idon da ya bar yatsa a kan abin shi ne mai mulki. Mai harbi da kafaɗar dama wanda idonsa na hagu ke mulki zai yi ta zubar da harsashi shekara da shekaru yana zargin bindiga, har ya kai ga zargin an yi masa asiri, alhali maganin bai wuce ya koma kafaɗar hagu ko ya manna ɗan ɗigon takarda a gilashin idon hagu ba.

Na biyu kunci. Tunda ido ne saitin baya, dole ya sauka wuri ɗaya kullum, kuma abin da ke riƙe shi a wurin shi ne kunci manne da katako. Mutum yakan ɗaga kai don ya ga yadda faifai zai fashe, da ɗagawar nan darma ta bi ta sama. Gwanaye ba sa juya bindiga da hannu. Kai da kafaɗa da bindiga abu ɗaya ne, daga ƙugu da gwiwa ake juya su gaba ɗaya.

Na uku, wanda ya fi kayar da kowa, shi ne kada a tsaya. Hanyar da aka fi bi ita ce bakin bindiga ya taso daga bayan tsuntsu, ya bi layinsa, ya ratsa wutsiya, ya ratsa jiki, ya ratsa baki, ya fita gaba, kunama ta sauka yana cikin tafiya, ya kuma ci gaba da tafiya bayan ƙarar. Gudun hannun da ya cim ma tsuntsu ya wuce shi, shi ne ke ba da tazarar da ake bukata, ba tare da an auna ta da mita ba. Sabon shiga kuwa yakan kai inda yake ganin daidai ne ya tsaya cak don ya tabbatar, a wannan tsayawar komai ya lalace. Tsofaffin maharba sun san ciwon tun daga nesa. In yaro ya dawo hannu rabbana yana ƙorafin harsashi, amsar ba ta wuce: "Ɗana, bayansa ka harba, bar bindiga ta huta." Kocin Italiya ma da duk na'urorinsa wannan maganar yake maimaitawa.

Sai batun bindiga, inda aka fi ɓarnar kuɗi da surutu. A Garwa da kewaye in an ce bindigar farauta, kalibir duz ake nufi, wato lamba 12. Lambar tsohon ma'auni ce: a raba laba ɗaya ta darma gida 12 a mulmula, ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18.5. Shi ya sa lamba 16 da lamba 20 suka fi ta ƙanƙanta duk da lambarsu ta fi girma. Cikin waɗanda suka shahara a ƙasashen rainon Faransa akwai Simplex mai baki ɗaya ta kamfanin Manufrance na Saint-Étienne, da ta fito tun 1908, sai Baikal ta Rasha da ta biyo baya. Ina ganin girman waɗannan bindigogi. Ba su da nauyi, ba su da tarkacen da zai lalace, kuma sun ciyar da gidaje da yawa. Wanda ya koyi harbi da mai baki ɗaya yakan fi natsuwa, don ya san ba shi da na biyu. Amma a filin faifai ba wurinsu ba ne. Bindiga mara nauyi shurinta ya fi zafi. Harbi biyar a daji ba komai, amma harbi ɗari a yini ɗaya zai bar kafaɗa da tabo, kuma abin da ya fi tabon muni shi ne jiki ya koyi zabura kafin ƙara. Wannan ɗabi'a in ta shiga mutum, fitarta sai an sha wuya.

Bindigar rami mai baki biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, tsawon bututu santimita 76 ko 81, nauyi kusan kilo huɗu. Nauyin yana shanye shuri, tsawon kuma yana hana hannu tsayawa da zarar ya fara tafiya. Katakonta an ɗaga shi inda kunci ke kwanciya, don darma ta riƙa sauka sama kaɗan da inda aka nuna. Dalili kuwa faifan rami kullum hawa yake yi lokacin da ake harbinsa. Da wannan tsari mai harbi yana ganin faifai a saman bakin bindiga, ba sai ya rufe shi ba. Wannan alherin a daji hasara ne, don bindigar za ta riƙa tsallake zomo da fakarar da ta bi ƙasa, ga kuma nauyi a zafin Afrilu. Wanda ke son guda ɗaya ta yi masa aiki biyu ya nemi matsakaiciya, mai bututun santimita 71 zuwa 76, wadda ake sauya mata matsin baki. Mai loda kanta ba a cika maraba da ita a layi ba, saboda tana watsa wa maƙwabci kwanso, kuma ba a karya ta balle kowa ya ga babu komai a ciki.

Manyan gasa na hannun maƙeran Italiya. Beretta na Gardone Val Trompia yana ƙera bututun bindiga tun 1526, Perazzi na kusa da Brescia kuma ya yi suna da MX8 da aka tsara don Olamfik na Meziko a 1968. Sabuwar irin waɗannan takan kai sefa miliyan shida ko fiye. Browning da Miroku suna tsakiya, na Turkiyya sun fi araha. Ra'ayina dai, bindigar da ta zauna a jikin mutum ta fi mai suna da ba ta zauna ba, ko da ta ninka ta goma a farashi. Gwajin zama kuwa kyauta ne. A tabbatar babu harsashi, a rufe ido biyu, a ɗaga bindiga zuwa kafaɗa kamar za a harba, sannan a buɗe. In idon ya sauka daidai tsakiyar layin da ke bisa bututu, ta zauna. In yana kallon gefe, ko bayan ƙarfe ya tare shi, ko sai an miƙa wuya kafin kunci ya kai, to ba taka ba ce sai an gyara katako. Dogo da gajere ba sa harbi da katako ɗaya, kuma galibin bindigogi an ɗan karkatar da su don mai dama, bahago ya kula. A yi gwajin da rigar da za a yi harbi da ita. Babbar riga tana kama gindin bindiga a hanya. Ita dai a bar ta sai ranar Juma'a.

Matsin baki shi ne ɗan ƙuncin da ake yi wa ƙarshen bututu don a tattara darma. Cikakken matsi wajen milimita ɗaya ne kawai, amma aikinsa babba ne: a nisan mita 35 yana zuba wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyi cikin da'ira mai faɗin santimita 75, rabin matsi wajen 60, bututun da ba matsi kuwa wajen 40. A rami, bakin farko yakan zama kashi uku cikin huɗu, na biyu cikakke, saboda kafin harbi na biyu faifai ya yi nisa. A daji inda fakara ke tashi a ƙarƙashin ƙafa, cikakken matsi ko dai ya kuskure ko ya dagargaza nama. Kuma kada a yarda da abin da aka rubuta a jikin ƙarfe kawai. A samo takardar buhun siminti a warware, a haɗa biyu ko uku a kafe a gaban tudun ƙasa, a yi ɗigo a tsakiya, a koma baya mita 35 a harba. A zana da'ira inda ramuka suka fi taruwa a duba: shin a kan ɗigo suka taru ko gefe, kuma akwai gibin da faifai zai ratsa bai taɓu ba? Takarda uku za su gaya wa mutum abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba.

Kartush kuwa abu huɗu ne cikin kwanso: hula a gindi, albarushi, toshin roba, sai darma. A kwalinsa akwai lambobi uku da ya kamata a iya karantawa. Ta farko girman ƙwaya, kuma a nan ma lamba in ta hau ƙwaya raguwa take. A lissafin Faransa lamba 4 milimita 3.25 ce, lamba 6 kuwa 2.75, lamba 7½ wajen 2.4. Ta biyu nauyin darma. Dokar Olamfik ba ta yarda a wuce giram 24 ba, wato ƙwaya kusan 300 ta lamba 7½. A da har giram 36 ake zubawa, aka yi ta ragewa, amma gwanaye ba su daina fasa faifai ba. Wannan ya isa amsa ga masu ganin sai kartush mai nauyi ke kisa. Mai koyo ya riƙe giram 24 ko 28, kafaɗarsa ta gode masa. A daji lissafin ya sauya, don tsuntsu yana da gashi da ƙashi: kurciya da hasbiya lamba 7 ko 8, fakara lamba 6, zabo 5 ko 4, kirinjijiya 4, dinya kuwa sai wadda ta fi haka girma. Giram 32 na lamba 4 ƙwaya kusan 160 ne kacal, shi ya sa ba ta da amfani a kan faifai. Ita kuwa dubul zero mai manyan ƙwayoyi tara, ba ta da hurumi a harbin tsuntsu ko kaɗan, kuma tana tafiya nesa da inda ido ke gani.

Lamba ta uku ita ce ta rai da mutuwa: tsawon kwanso, milimita 65, 70 ko 76. Yawancin kartush na yau, har da na kamfanin MACC na Pointe-Noire da ya bazu a tsakiyar Afirka, ba a yi su don kowace tsohuwar bindiga ba. Tsofaffin na Faransa da yawa ɗakin harsashinsu 65 ne. Kwanso mai 70 zai shiga lafiya lau, amma in ya buɗe ba shi da wurin miƙewa, matsi ya haura abin da aka gina ƙarfen a kai. Gajere a dogon ɗaki ba laifi, dogo a gajere haramun. Haka kuma kada a haɗa kartush lamba 20 da lamba 12 a aljihu ɗaya: ƙaramin yakan zurma cikin bututu ya maƙale, a ɗora babba a bayansa, bindiga ta fashe a hannu. Kartush na masana'anta yana iya kai matsi 740 a ma'aunin "bar", shi ya sa bindigogin ƙwarai ke ɗauke da hatimin gidan gwaji na Saint-Étienne, Liège, Gardone ko Birmingham. Bindigar maƙeran gida, duk da ina yaba hannunsu, ba ta ratsa wannan gwaji ba. Kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, ba a barin kwalin kartush a cikin mota a rana.

Mai sayen tsohuwa ya cire katakon gaba ya girgiza ta, ya ji ko tana lilo a mahaɗa. Ya ɗaga bututu wajen haske ya leƙa, ya shafa bayansa da yatsa ko akwai kumburi ko loɓawa. Leƙen nan ma ya zama ɗabi'a kafin kowace fita, domin zanzaro ba ya raina bututun bindigar da aka jingine a lungu. Cikin 'yan kwanaki ya gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma wannan ɗan toshin ya isa ya tsaga ƙarfe. A fili kuwa doka ɗaya ce ba ta da togiya: bindiga a karye take, babu harsashi, sai mutum ya taka matsayinsa. A toshe kunne, a sa tabarau. Maharban da suka tsufa suna cewa "na'am?" sau uku kafin su ji magana sun biya kuɗin rashin toshe kunne ne.

Bindiga ba abin wasa ba ce a arewacin Kamaru, kuma ba sai an gaya wa kowa dalili ba. Yankin da ya sha fama da 'yan fashin hanya da masu garkuwa da mutane, wanda ya ga mahaya dawaki sun kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida a 2012, dole hukuma ta sa ido. Dokar makamai ta Disamban 2016 ta wajabta izinin saye da na riƙewa daga hukumar mulkin cikin gida, farauta kuma tana da nata lasisin daga ma'aikatar gandun daji da namun daji, da lokacinta, da jerin dabbobin da ba a taɓawa. A cikin gandayen Binuwai da Buba Njida, da aka ayyana a 1968, da na Faro na 1980, ba a harbi sam.

Duk da haka ina ganin Garwa ta dace da wannan wasa fiye da garuruwa da yawa. Nan ne mazaunin Makarantar Namun Daji da ke horar da jami'an gandun daji na ƙasashen Afirka masu Faransanci tun 1970. Kewaye da gandayen uku akwai yankunan farauta fiye da ashirin, da masu bin sawu da masu gadi waɗanda idonsu ya riga ya goge. Dajin kuwa yana ta tsukewa tsakanin gonakin auduga da garken shanu da ramukan masu haƙar zinariya, ba shi da rarar zabbin da kowane sabon shiga zai yi ta raunatawa kafin hannunsa ya faɗa. Fara wasan bai bukatar rami mai injuna 15. Inji ɗaya mai aiki da batirin mota ya isa, da fili wanda babu gida, hanya, gona ko rijiya har mita 300 a gabansa, nesa da fadama don kada darma ta zuba inda agwagin ruwa ke kiwo. Tarayyar Turai ta hana harbi da darma a irin waɗannan wurare tun 2023. A juya wa rana baya, a zaɓi safiyar da hazo bai yi kauri ba.

Mai sha'awa ya fara da takardu, ya bar zancen Perazzi tukuna. In sun fito, ya nemi bindigar da ta zauna a kafaɗarsa, da kartush lamba 7½ mai giram 24, da wani wanda ya iya ya tsaya a bayansa yana gaya masa ta ina darma ta bi. Faifan farko a sa inji ya jefa shi miƙe, a hankali, kuma kada a sauya kusurwa sai ya fasa goma a jere.